Fostar da ta yi kyau a waya, ta ba mu kunya a bango

A wannan watan na so ne in yi magana a kan waƙoƙin fim, har na fara rubutu, sai wani abu ya faru a gidanmu wanda ya sa na ajiye wancan na ɗauko wannan. Na san da yawa daga cikinku, musamman samari da 'yan matan da ke aiko mana da hotunan da suka haɗa da kansu, za su ga kansu a cikin labarin.

Ina da wani ɗa, ɗan yayana, bai daɗe da gama sakandare ba. Yaron nan tun yana aji huɗu ba shi da aiki sai haɗa hoto a waya. Ka ba shi hotonka na wurin ɗaurin aure, kafin ka shanye shayinka ya cire mutanen da ke bayanka ya tsayar da kai a gaban wani dogon bene na Dubai. Katin gayyatar suna, barka da Sallah, tallar turaren wuta na mahaifiyarsa, duk shi ne. Amma abin da ya fi ƙauna shi ne fostar fim. Sai ya kalli fim, ya zauna ya sake yi masa fosta yadda shi yake ganin ya dace, ya ɗora a sitatus, abokai su yi ta zuba masa kirari. Ba wanda ya koya masa. PixelLab da PicsArt da Canva su ne malamansa, sai ɗan abin da yake tsinta a YouTube idan data ta samu.

To, ana nan sai wasu samari na unguwarmu masu ƙungiyar wasan kwaikwayo suka ɗauki wani ɗan fim da za su saka a YouTube. Kafin su sake shi suna so su fara nuna shi a wani ɗakin taro, a sayi tikiti, ko sa mayar da wani abu daga kuɗin da suka kashe. Suka zo wurin yaron nan suka ce ya yi musu fosta, kwafi 200, girman A3. Suka damƙa masa kuɗin bugawa, suka ce nasa ladan sai bayan an nuna fim. Wannan ne karo na farko da wani ya ɗauke shi a matsayin ma'aikaci.

Dare uku bai yi barcin kirki ba. Da ya gama ya kawo mini wayar yana murmushi ya ce, "Baffa, duba ka gani." Wallahi ta yi kyau. Sararin sama shuɗi irin na bayan magariba, fuskar jarumin rabi a haske rabi a duhu, sunan fim ɗin kore shar yana ƙyalli kamar fitilar kanti. Na ce masa Allah ya yi albarka. Ya tura wa mai bugawa ta WhatsApp, aka tambaye shi ko a fara buga guda ɗaya ya gani, ya ce a'a, lokaci ya ƙure, a buga duka.

Washegari da yamma ya shigo da ƙunshin takardu ya ajiye a gabana bai ce komai ba. Na zaro guda ɗaya. Kai jama'a! Fuskar jarumin ta dushe kamar an kalle ta ta cikin gilashin da ya yi raɓa. Rabin da ke cikin duhu ya zama baƙi ƙirin, ido ɗaya ya ɓace gaba ɗaya. Koren nan mai ƙyalli ya koma kamar miyar kuka ta kwana. Sunan furodusa da ke can ƙasa, wuƙar yanka takarda ta tafi da rabinsa. Sannan ga wani abin da ni ma ban lura da shi a waya ba: sunan fim ɗin yana da kalmar "faɗa" a ciki, amma a fostar "fada" aka rubuta. Ƙanwarsa ta leƙo ta karanta ta ce, "Yaya, ashe fim ɗin sarauta ne?"

Yaro ya rantse cewa mai bugawa ne ya cuce shi. Na ce to mu je. Da muka isa, mutumin bai ko ɗaga murya ba, ya ce mini, "Alhaji, abin da aka turo shi na buga. Na ce a gwada guda ɗaya, ya ƙi." Akwai wani dattijo a shagon wanda ya daɗe yana wannan aiki tun zamanin kaset, shi ne ya ja kujera ya ce wa yaron, "Zauna ɗana. Hannunka yana da kyau, amma ka manta ka tambayi kanka abu ɗaya: ina wannan hoton zai je?" Wannan tambayar ita ce dalilin rubutuna na yau.

Ku da kuka taso da waya a hannu ba ku san irin wahalar da aka sha ba. A zamanin su Sangaya da Wasila, wato wajejen 1999 zuwa 2000, fosta ita ce rabin kasuwar fim. Mutum zai tsaya a Bata ko Ƙofar Wambai ya ƙare wa fosta kallo kafin ya sa hannu a aljihu ya sayi kaset. A lokacin sai an ɗauki hoton 'yan wasa, an wanke, an kai wurin mai sikana, sannan mai kwamfuta ya zauna da linzami yana bin gefen kai da gefen ɗankwali a hankali har ya yanke mutum daga bayansa. CorelDraw, wadda wani kamfanin Kanada ya fara fitarwa a 1989, da Photoshop, wadda ta fito a 1990, su ne kayan aikin. Bayan nan a raba launi gida huɗu, a yi faranti huɗu, takarda ta bi ta cikin injin Kord sau huɗu kafin fuskar jaruma ta fito. Wanda ya yi kuskure a nan ya jawo wa furodusa asarar da ba ta gyaruwa, shi ya sa duk mai haɗa fosta na wancan lokaci ya san inji kamar yadda ya san kwamfutarsa.

Yau abin ya sauƙaƙa, kuma alhamdu lillahi da hakan. Canva ta fito a 2013 daga Ostireliya, kuma wadda ta jagoranci kafa ta, Melanie Perkins, ta fara tunanin ne lokacin da take koya wa ɗalibai 'yan'uwanta aikin dizayin ta ga yadda manyan manhajojin ke ba su wahala. Aikin yanke mutum da ke cin awa guda, yanzu dannawa ɗaya ne. Sai dai sauƙin nan ya zo da nasa tarkon. Manhajar waya an gina ta ne don abin da za a kalla a waya. Ita ba ta san bango ba, ba ta san tawada ba, ba ta kuma san Hausa ba.

Mu fara da girma. Kowane hoto a waya ƙananan ɗigo-ɗigo ne da ake kira fiksel. Yaronmu ya yi aikinsa a kan faɗin fiksel 1080, irin wanda ake ɗorawa a Instagram. A fuskar waya wannan ya isa har ya yi yawa. Amma takardar A3 faɗinta milimita 297 ne, tsawonta 420. Masu ɗab'i suna son ɗigo 300 a kowane inci idan ana so abu ya fito tas, wato A3 tana bukatar fiksel 3508 a faɗi da 4961 a tsawo. Idan ka ja 1080 ka shimfiɗa a kan wannan faɗin, ɗigo 92 kacal ke faɗawa a kowane inci, bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da ake bukata ba. Kamar ka ɗauki man shanun da zai ishi kwano ɗaya ka ce sai ya ishi tuwon gidan biki. Ƙari a kan haka, WhatsApp yana matse hoto idan ka tura shi a matsayin hoto. Saboda haka tun kafin ka sa komai a shafi, ka saita girman da za a buga. Ka nemi hotunan asali daga wanda ya ɗauka, kada ka yi amfani da wanda ya zaga waya biyar. In ka gama ka fitar da shi a PDF ko PNG, ka tura shi a matsayin fayil, ko ka kai da kanka a filas.

Sai launi. Fuskar waya fitila ce, haske take fitarwa, tana haɗa ja da kore da shuɗi. Takarda kuwa ba ta da hasken kanta, tawada huɗu ake zuba mata: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Shi ne abin da za ku ga an rubuta RGB da CMYK. Akwai launukan da fitila ke iya yi waɗanda tawada ba za ta taɓa iyawa ba, kuma kore mai ƙyalli da shuɗi mai ƙarfi suna kan gaba. Sannan kusan kullum abu yakan fi duhu a takarda. Wannan ya fi shafar mu, domin fatarmu mai duhu ce. Inuwar da ta yi wa jarumi kwarjini a waya, a takarda sai ta cinye masa ido. Dattijon nan ya ce shi tun da can yakan ƙara wa fuska haske fiye da yadda ido ke so a kwamfuta. Kuma komai gaggawa a buga guda ɗaya tukuna, a fita da ita waje a kalla a hasken rana. Kuɗin kwafi ɗaya bai kai asarar kwafi 200 ba.

Maganar wuƙa kuwa mai sauƙi ce. Ana buga fosta a takardar da ta ɗan fi ta girma sannan a yanke gefe, kuma wuƙa ba ta faɗawa daidai kan layi kullum. Don haka ka bar hoton baya ya wuce iyaka da kamar milimita 3 a kowane gefe, rubutu kuma ka janye shi ciki sosai. Sunan mutumin da ya sayar da babur ɗinsa ya yi fim bai kamata ya zauna a bakin wuƙa ba.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini rai, wato haruffanmu masu ƙugiya. Na tambayi yaron me ya sa ya rubuta "fada". Ya ce da farko ya sa ɗ ɗin, amma samfurin haruffan da ya zaɓa ba shi da ita, sai ta fito siririya daban a tsakiyar manyan haruffa kamar baƙuwa a gidan biki, shi ne ya cire ta ya sa d. Ya ce ai kowa zai gane. To ba kowa ba. Fada daban, faɗa daban. Baki daban, baƙi daban. Kafa da ƙafa, bata da ɓata, kashi da ƙashi, wannan na ƙarshen ma in ka yi sake sai ka zagi mutane a bango. Yawancin samfuran haruffa masu ado da ke cikin manhajojin nan an yi su ne don Turanci. Amma akwai waɗanda suka san da zamanmu, kuma kyauta ne: Andika da Charis na ƙungiyar SIL, da Noto na Google. PixelLab tana ba ka damar shigo da samfurin da ka sauke da kanka. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, ƙugiyoyin suna nan. Kafin ka ƙulla soyayya da kowane samfuri, ka rubuta Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ ka gani. 'Yan'uwanmu na Nijar su ƙara da ƴ. In kuma ka nace sai wani samfurin da ba shi da su, to ka zana ƙugiyar da hannunka ka manna mata. Masu CorelDraw sun daɗe suna yin haka, sannan su mayar da rubutun ya zama zane kafin su kai wurin bugawa don kada wata kwamfutar ta sauya shi. Abin kunya ne a ce fim na Hausa, 'yan wasa Hausawa, masu kallo Hausawa, amma sunansa a rubuce da kuskure.

Tambayar dattijon ba ta tsaya a bango kaɗai ba. Yawancin finafinai masu dogon zango yanzu a YouTube ake kallonsu, kuma fostarsu ita ce ɗan hoton nan da ke gaban bidiyo. Girmansa fiksel 1280 da 720 ne, a kwance, amma a wayar mai kallo bai fi kwalin ashana ba. Tsohuwar ɗabi'armu ta jera kawuna goma sha biyu a fosta, don kada wani ɗan wasa ya yi fushi, a nan ba ta aiki. Fuska ɗaya ko biyu, kalma biyu ko uku, shi ke nan. In ka gama, ka ƙanƙanta shi ka miƙa hannu nesa ka kalla. Idan ba ka iya karanta sunan ba, mai wucewa da babban yatsa ma ba zai iya ba.

Kada wani ya ce ai matsalar rashin kwamfuta ce ko rashin manhaja mai tsada. Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya mun san fostocinsu na da, da hannu ake zana su. Shahararren mai zanen nan na Indiya, M.F. Husain, da zanen allunan tallar silima ya fara neman abinci a Bombay a shekarun 1930. A Ghana kuma, a shekarun 1980 da 1990, masu yawo da bidiyo gari-gari suna sa a zana musu fosta da fenti a kan buhun fulawa, domin buhu yana naɗuwa, yana jure ruwa da ƙura. Yau waɗannan buhuna ana baje kolinsu a Turai da Amurka. Mutanen nan ba su da Photoshop, amma sun san inda aikinsu zai je da wanda zai kalle shi. Wanda kuma ya samu kwamfuta amma ba shi da kuɗin manhaja, akwai GIMP da Inkscape kyauta, akwai Photopea da ke aiki kai tsaye a intanet ba sai ka sauke ba. Ba ka bukatar satacciyar manhajar da za ta cika maka na'ura da cuta.

Akwai wuri na ƙarshe da hoto ke zuwa, wanda ya fi bango da YouTube haɗari, shi ne bakin mutane. A hanyarmu ta komawa gida yaron ya faɗa mini wani abu da ya ɓoye. Ashe bara ya taɓa haɗa katin ɗaurin aure na wasa, ya sa wani jarumi da wata jarumar da yake son ganinsu tare a fim, har da rana da wuri. Abokai biyar ya tura wa. Bayan kwana biyu sai ga gwaggonsa daga wani gari ta turo wa mahaifiyarsa katin tana tambaya ko gaskiya ne. Ya goge nasa, amma na sauran mutane fa? Yarinyar nan da ka manna wa ango tana da iyaye, wataƙila tana da manemi, wataƙila an kusa sa rana. Abin da kai ka ɗauka wasa, ita zai iya zama mata rigimar wata guda a gida. Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka zo, waɗanda ke iya sa wa mutum kayan da bai taɓa sawa ba a wurin da bai taɓa zuwa ba, abin ya ƙara muni. 'Yan fim sun sha isasshen ƙazafi, bai kamata masoyansu su zama masu ƙera shi ba. In za ka yi fostar sha'awa, ka yi ta a kan fim, ka rubuta a jiki ƙarara cewa aikin masoyi ne, ka sa sunanka. Kada ka goge sunan mai hoton da ya ɗauka, shi ma da guminsa ya samu. Kuma kada ka haɗa wa kowa abin da ba za ka so a haɗa wa ƙanwarka ba.

To yaya aka ƙare? Yaron ya je ya sami samarin nan ya faɗa musu gaskiya, wanda a wurina ya fi komai wuya. Sun yi faɗa, irin mai ƙugiya, amma daga baya suka ba shi kwana biyu. Ya fasa asusunsa na kuɗin sabuwar waya, ni ma na cika masa. Ya karɓo hotunan asali daga mai kyamara, ya ari kwamfutar wani abokinsa, ya sake aikin daga farko a kan girman A3. Koren ya koma rawaya mai kauri, fuskar ta samu haske, ɗ ta dawo gidanta. Aka buga guda ɗaya, ya fita da ita bakin titi ya manna a bango, ya tsallaka ɗaya gefen ya kalla, sannan ya ce a buga saura. An nuna fim, mutane sun zo daidai gwargwado. Ladansa bai rufe asararsa ba, sabuwar waya kuma sai wani jiƙon. Tsofaffin kwafi 200 ɗin suna nan, mai ƙosan ƙofar gidanmu tana ta naɗa ƙosai da rabin fuskar jarumi. Dattijon nan kuwa ya ce ya riƙa zuwa shago ranar Asabar yana kallon yadda inji ke aiki.

Ga ɗan aikin gida ga masu sha'awa. Ka zaɓi tsohon fim ɗin Hausa guda ɗaya da kake so, ka yi masa sabuwar fosta da fuska ɗaya tak, samfurin haruffa bai wuce biyu ba, launi bai wuce uku ba, ƙugiya kuma kowace a wurinta. Ka kai a buga maka guda ɗaya ko a A4 ce, ka manna a bango, ka kira ƙaninka ko kakarka ka tambaye su me suka gani. Abin da suka faɗa ya fi kirarin abokan sitatus amfani. Wanda ya yi ya aiko mana, waɗanda suka fi kyau za mu yi magana a kansu a wannan fili, da sunan mai aikin da garinsu.

Maganar waƙoƙin da na ajiye tana nan tafe. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.